Gabas Ta Yaya Ce

—ko masu walda goma za su kawo, su kawo. Gobe ce ai. Gobe ba yau ba ce. Yau ƙofar a buɗe take, Auta kuma yana kwance a saman bene, bayansa a kan kwali, ƙafafunsa na fuskantar yamma kamar kowace shekara, kuma ba zai sauka ba. Ƙarfe takwas na safe, in ji mai bene, za a zo a liƙe ƙofar saman nan da ƙarfe, yadda ko ɓera ba zai samu hanya ba. Umma ce ta roƙa. Umma, da ba ta taɓa roƙon mutumin nan ko gyaran famfo ba, ita ce ta sauka hawa huɗu ta buga masa ƙofa: don Allah a toshe, na rasa ɗaya, ya ishe ni... To a toshe. Takwas na safe. Amma tsakanin yanzu da takwas akwai dare guda cur, kuma daren nan ne — sau ɗaya yake zuwa a shekara, a tsakiyar zafi, daren da taurari ke zuba.

Kwaɗon da ta sa kafin mai walda ya zo kuwa... Allah sarki Umma. Ƙaton kwaɗo, sabo fil, amma ƙarfen da aka rataya shi a jiki noti huɗu ne ke riƙe da shi. Noti huɗu! A gidan masu ɗaura dish na talabijin! Ko minti biyu bai yi ba da sukuddireban Yaya. Bai fasa komai ba, kar wani ya ce ya fasa. Ga notin nan a aljihunsa suna tokare masa cinya, da asuba zai mayar da su ɗaya bayan ɗaya. Da Yaya na nan da sai ya yi dariya har ya shaƙe. Da yana nan... da ba a sayi kwaɗon ba ma.

Wata biyu ke nan da Yaya ya faɗo daga saman gidan wani, wajen aiki. Ba watan kalanda ba, kalanda ba ta san komai ba — watan gaske, na sama. Ranar da aka dawo daga binne shi jinjirin wata ne a sama, siriri kamar farcen da aka yanke aka yar, Zara na gefensa tana ƙyalli kamar ba abin da ya faru. Auta ya hawo nan ya ce wa watan: kar ka kuskura ka cika. Kar ka kuskura. Ya cika. Dare bayan dare yana ƙara ƙiba a kan idon jama'a, ba kunya, har ya koma kamar farantan nan da suke kafewa a rufin gidaje don kamo tashoshi. Ya rame, ya ɓace, ya dawo, ya sake cika! Yanzu ya sake ramewa, sai dab da asuba zai leƙo, shi ya sa sama ta yi baƙi ƙirin yadda ake so. Bara tsaya musu ya yi a ka kamar fitilar titi, takwas kacal suka gani, Yaya na ta zaginsa yana tambayar wa ya gayyace shi. Sai bana ya ga damar ba da wuri. Bana da komai ya yi daidai — bana.

Ai ba cinye shi ake yi ba, watan. Da lemo da tocila Yaya ya nuna masa, a ɗaki, an kashe fitila: riƙe lemon, ni ne rana, juya a hankali... ka gani? Yana nan dukansa, gefen da haske bai taɓa ba ne ba ka gani. Umma na daga kicin tana faɗa, ku ajiye min lemona, ba ƙwallo ba ne. Yana nan dukansa. To. Kar dai wanda ya zo ya ce masa wai haka Yaya ma yake, yana nan, gani ne ba a yi. Wata daban, mutum daban. Shi ya kama ƙafafun da hannunsa aka sa a mota, ya san nauyinsu.

Su ce ya haukace. Sun ma faɗa. Kawu, ƙanin Umma, ya faɗa a falo, murya ƙasa-ƙasa wai don kar ya ji: yaron nan a sa masa ido, wanda yayansa ya faɗo daga sama kuma kullum hankalinsa na saman bene, me kuke tsammani? Me suke tsammani! Shi sama ya zo kallo, ba ƙasa ba. Ko kusa da 'yar katangar bai je ba. A tsakiya yake, daidai inda siminti ya tsage, inda suka saba shimfiɗa. Wanda zai yi abin da Kawu ke tsoro zai tsaya ɗauko kwali ne? Zai ɗauko gorar ruwa, ya kunna maganin sauro? Sun samo masa aiki a shagon tayil, aikin ƙasa, wai ƙafarsa kar ta ƙara barin ƙasa. Yini guda yana jera murabba'i a kan murabba'i. Ko ƙwan fitila ne ya mutu a gida Umma ba ta yarda ya taka kujera, sai dai a zauna a duhu har mai gadi ya samu sukuni. Ya yarda da duk wannan. Ya ajiye tsani, ya ajiye sifana. Dare ɗaya ya nema. Ɗaya.

Kwali biyu ya shimfiɗa. E, biyu. Wa zai hana shi?

Haka ake yi, ba kuma yau aka fara ba. Mutum ɗaya ba ya iya kallon sama duka — kana duban nan tana faɗuwa can, sai dai ka ji an ce kash. Shi ya sa Yaya ya raba. Kai da kai ake kwanciya, tsakar kai na taɓa tsakar kai, ɗaya ƙafafunsa gabas, ɗaya yamma. Layin ya tashi daga bututun tankin ruwa ya tafi har ƙarfen eriyar maƙwabta. Gabas ta Yaya ce, yamma ta Auta. Doka ɗaya ce tak: ba a leƙa rabin wani. In ka gani ka kira, ka faɗi tsawonta, ka faɗi launinta, ɗan'uwanka ya yarda da kai. Shekara goma sha ɗaya... tun daren da aka ɗauke wuta a unguwa gaba ɗaya, zafi ya koro su daga ɗaki, yana ɗan shekara goma, ya ga ta farko ya fashe da kuka wai sama ta fara zubewa. Tsakuwa ce, matsoraci, in ji Yaya, ba ta fi ƙwayar shinkafa ba, gudu ne ya ƙone ta. Wani tsohon malamin makaranta ne ya gaya masa, ranar da suka ɗaura masa dish, har ya ba shi littafi marar bango. Rabin kalmomin littafin sun fi ƙarfinsu, daga shi har Yaya ba wanda ya gama sakandare, amma hoto ba ya tambayar ajin da ka tsaya.

Kuma an cuce shi a rabon, tun ranar farko ya sani. Yamma! Yamma mai tashar manyan motoci da fitilunta masu ruwan lemo da ba sa mutuwa, sun cinye gindin sama sun bar masa saura. Ga shi duk abin da ke sama daga gabas yake fitowa. Sai Yaya ya gama kallonsa, ya ƙoshi, sannan abin ya tsallaka layi ya gangaro wa Auta. Kwance. Takalmi kwancen Yaya, riga kwancen Yaya, har taurari ma kwance! To ya za a yi, Auta, na riga ka zuwa, sa haka nan, ai bai yage ba... Ga mai zoben can ma, Zuhalu, ya kusa tsallakowa, rawaya-rawaya, ba ya ƙyafta ido. Haka ake gane su: tauraro na ƙyaftawa, duniya 'yar'uwar tamu kuwa tsare ka take da ido kamar ɗan sanda. Zoben bai taɓa ganinsa ba sai a hoto. Ya yarda ne kawai. Abubuwa da yawa ya yarda da su ne kawai don Yaya ya ce.

Bana za mu yi musanya, in ji shi. A kan babur ya faɗa, suna dawowa daga aiki, tsani a kafaɗar Auta, iska na kwashe rabin maganar. Ka girma, bana kai ne a gabas. Ya faɗa ko bai faɗa ba? Ya faɗa. To amma ba a yi ba. Ba a hawo tare ba, ba a juya kwalaye ba, bai ce bismillah, kwanta nan ba... Shi ba ɓarawo ba ne. Sun raba rigunan Yaya, sun ba ɗan Kawu babur, har an zo tambaya ko za a bayar da tsani — su kwashe, su kwashe duka. Gabas dai ba mai taɓawa. Ko shi.

Ɗaya!

Ta tsinke daga saman kansa ta yi wajen tasha, kamar an ja ashana ba ta kama ba. Da ƙarfi ya kira, har kare ya amsa daga layin baya. Ɗaya, gajera, fara...

Yana jira.

Nan ne ake cewa ƙarya kake, sauro ne ya gifta maka. Nan ne tsakar kai ke motsi kafin dariyar ta fito, don ta ƙashi kake fara jinta, ta bi ta ƙoƙon kanka ta sauka har haƙora. Iska ce kawai a wurin yanzu. Wa ya san tsakar kan mutum na iya jin sanyi a zafi irin wannan, simintin ma har yanzu huci yake kamar murhu...

Ba komai. Ya yi nasa. Ɗaya.

Matar hawa na biyu ta ce duk tauraruwar da ta faɗi rai ne ya fita. A matakala ta tare shi, bokiti a hannu, da fuskar tausayin nan da kamar duk a shago ɗaya suka saya. Ka daina kallonsu, ɗana, ba kyau. To in haka ne, Mama, ina tasa? Da rana tsaka ya faɗo, ƙarfe biyu da 'yan mintuna, sama fayau ba ko tsuntsu. Ba abin da ya tsinke. Ba abin da ya yi haske. Bai faɗa mata ba. Ya ce to Mama, na gode, ya karɓi bokitin ya kai mata har ƙofa. Kullum haka. Ka yi haƙuri — to, na gode. Lokaci ne ya yi — to, na gode. Kai ne namijin gidan yanzu — to... Shi bai ce Allah ya yi kuskure ba, astagfirullah, bai taɓa cewa ba. Mutane ne ya gaji da su. Haƙurin da suke ba shi duk na a manta da wuri ne, a share, a liƙe ƙofa, kowa ya samu barci.

Biyu! Uku — kai, a jere, kamar masu tsere, ta bayan har da ɗan hayaƙi ta bari... Ka ji, Yaya? Uku. Kai nawa? Kar ka ce min sha biyu, na san halinka. Bara waccan ka ce ka ga koriya mai tsawon tirela har da kan motar, na ce rantse, ka ce mai gabas ba ya rantsuwa. Na ciji yatsa ban juya ba. Ka san ban taɓa juyawa ba? Ko sau ɗaya. Kana zaton ina satar kallo, wallahi ba na yi. Shekara goma sha ɗaya wuyana na ƙaiƙayi...

Tun yaushe tunanin ya fara fita ta baki? Ya laluba gora, ya sha a kwance, ruwan ya bi gefen baki ya shiga kunne. Ɗumi, ɗanɗanon roba.

Can ƙasa wani na kallon ƙwallo, ana jin ihun mai sharhi ta taga. Wataƙila ma su suka ɗaura masa. Rabin farantan unguwar nan hannun Yaya ne — ga su can a rufin gidaje, duk sun karkata kai wuri guda kamar masu sauraron gulma. Ba ya son kallonsu. Sama. Dubi sama. Huɗu... a'a, jirgi ne, yana ƙyafta ja.

Ai aikin ma haka yake, in ka duba. Ɗaya a sama, ɗaya a ɗaki. Na sama na riƙe da faranti yana juya shi a hankali, ba ya ganin komai sai ƙarfe da rana. Na ɗaki na gaban talabijin yana kallon ƙarfin sigina, yana kiran lamba ta taga. Arba'in! Hamsin da biyar! Koma, ka wuce! Na sama ba shi da ido sai bakin na ɗaki. Yarda yake yi kawai —

A'a. Ba yanzu ba. Daren kallo ne.

Huɗu! Ta gaske. Doguwa, ta bi ta...

Falon mutumin da suka je wa aiki ranar nan sanyi gare shi. Hawa uku, kafet mai laushi har sai da ya cire takalmi, ƙatuwar talabijin ta cika bango, matar gidan ta ajiye masa abin sha a kofin gilas. Yana zaune a kafet yana shan sanyi, Yaya na can sama rana na gasa shi. Sittin! Saba'in! Saba'in da takwas — hoto ya fito tar, wata mata na karanta labarai, har gashin girarta ana gani. Saba'in da takwas ya isa. Kowa a sana'ar nan ya san ya isa. Daga sama muryar ta sauko: In ɗaure? Ya ji shi sarai. In ɗaure, Auta?

Casa'in yake so. Don me? Don matar gidan na tsaye a bayansa, don a ce yaran nan sun iya aiki, don Yaya ya sauko ya ce kai, casa'in, ɗan banza... don ba komai. Ƙara kaɗan! Hagu, ƙara kaɗan! A can bakin rufi aka kafe ƙarfen, waje da katanga, don bishiyar maƙwabta ta tare ko'ina. In za ka juya shi hagu sai ka miƙa jikinka waje. Ya sani. Tare suka kafe shi. Tamanin da uku. Ƙara! Tamanin da bakwai — saura ƙiris, Yaya, ƙara kaɗan! Casa'in da ɗaya.

Sifili.

Kuma ya yi dariya. Wannan ne... wannan ne abin. Bai ji komai ba, ta ɗaya gefen gidan Yaya ya faɗi, na'urar sanyi na gurnani. Ya buga cinya yana dariya, ya ɗaga murya: Ka ɓata! Kai Yaya, hannu kamar na mai faskare! Koma dama! Koma! Sau nawa ya kira? Uku? Biyar? Yana ta tsokanarsa ta taga, allon ya yi shuɗi, kofi a hannunsa... sai da mai gadin gidan ya ƙwala ihu.

An ce tsautsayi. An ce ƙafarsa ce ta zame, an ce bulon bakin rufi ne ya ɓalle, duk gaskiya ne, bulon ya ɓalle. Ba wanda ya tambayi na ɗaki me ya ce. Matar gidan ta ji, amma ita me ta sani, lambobi ne kawai a wurinta. Umma ba ta sani ba. Umma da take ajiye masa abinci ta tsaya a kansa har sai ya ci, take shafa masa kai kamar ɗan yaye, take cewa kai kaɗai ka rage min... Saba'in da takwas ya isa, Umma. Ni na ce ya ƙara. Ya tambaye ni, in ɗaure, na ji shi da kunnena, na ce ƙara kaɗan. Ni na ce.

To, ya faɗa. Ya faɗa wa tanki da eriya. Su ji.

Biyar. Shida ma, wataƙila — idonsa ya cika, komai ya yi wutsiya yanzu, har fitilun tasha. Ya goge da bayan hannu. Ba kuka ba ne, hayaƙin maganin sauron nan ne.

Sannan a ce ya juya ya kwashi gabas? Da wane ido? Ya tura mutum bakin rufi da bakinsa, sannan ya dawo ya gaje masa sama, ya miƙe ƙafa a wurinsa, ya ce kai, ashe nan ya fi kyau? A'a. Su ce taurin kai. Su ce hauka. Zai kwanta a nan har gari ya waye, zai kira nasa, zai bar wa mai gabas gabas ɗinsa, ko da ba kowa... ko da ana ta zuba a can ba mai —

Ana zuba. Ya san ana zuba. Yanzu ne lokacinsu, in dare ya raba ya fara gangarawa, sai su taho kamar an kwance bakin buhu, kuma daga can suke tahowa, daga bayan kansa. Waɗanda yake gani ragowa ce, 'yan tsallake. Kafin ya kira ɗaya, Allah kaɗai ya san nawa suka ƙone a can ba mai kira. Tsakuwa ta yi tafiyar da ba a san farkonta ba, tun kafin a haifi kakan kakan kowa, ta zo ta ƙone cikin ƙiftawar ido, kuma ba a samu mai ce mata ko ɗaya ba... Ba ruwansa. Ba rabinsa ba ne.

Mushtari ma ya fito yanzu, dole. Babban mutum, in ji Yaya, mai haske kamar an wanke shi da sabulu. Tun farkon shekara yake ɗokin bana, ya nuna masa a waya: ka ga, zai fito can cikin dare, jan nan kuma, Mirrihi, dab da shi, kamar za su yi musabaha, sai an daɗe ba a sake ganin haka ba. Kuma ba za su kai layi ba rana za ta cinye su. Na gabas ne kawai zai gani — kai za ka gani, Auta, ka ba ni labari, in ka yi min ƙarya kuma na sani. Daga tagar ɗakinsu bangon maƙwabta kawai ake gani, da ɗan tsirin sama kamar igiyar shanya. Gobe takwas. Wato in bai juya yau ba... to kar ya juya. Ana mutuwa ne don ba a ga Mushtari ba? Ana mutuwa ne —

Wuyansa. Kamar an ɗaura masa igiya ana ja a hankali, hagu, ƙara kaɗan — a'a! Ya danna ƙeya a kwali, ya dunƙule hannu cikin aljihu har notin suka shige masa tafi. Ba zai juya ba. Ka ji, Yaya? Ba zan juya ba. In kana so in gani ka zo ka juya ni da kanka.

Sha ɗaya. Sha biyu. Muryar ta dusashe, kiran ya koma raɗa. Zuhalu ya tsallako tuni, yana gangarawa wajen tasha inda fitilu za su haɗiye shi. An tashi ƙwallo, kare ya yi shiru, simintin ya huce ya fara tsotse ɗumin bayansa. Ya gaji. Ba irin gajiyar ɗaukar tsani ba... wata biyu ke nan yana riƙe da wani abu sama da kansa da hannu bibbiyu, kuma ba wanda ya leƙo ta taga ya ce masa ya isa, ɗaure. Sha uku. Ko ya riga ya ce sha uku?

Sai ga haske.

Ba a gabansa ba — daga baya. Fari, sannan kore, ya faɗa kan komai lokaci guda: eriyar maƙwabta ta yi inuwa, yatsun ƙafarsa sun yi inuwa, doguwa, tana gudu a kan siminti, ɗaya, biyu, uku, bai mutu ba tukuna! — sannan duhu, duhun da ya fi na da. Irin wadda ake shekara goma ana jira. A gabas. A gabas ta faɗi, duk jikinsa ya ɗaga ya bar kansa a danne, kunnuwansa a buɗe, kira mana, kira, Yaya, don Allah wannan kam ka —

"Wayyo... Allah mai iko."

Ba daga tsakar kansa ba. Daga can gefen tanki, inda ƙofa take, ƙasa-ƙasa, muryar wadda magana ta suɓuce mata. Umma.

A zaune take, daga inda muryar ta fito ya gane. A kan matakalar ƙarshe. Kuma ba numfashin wadda ta hawo yanzu ba ne. Ba haki. Tun yaushe? Tun ɗaya? Tun huɗu... tun saba'in da takwas? Ba ta kira shi ba. Ba ta ce sauko ba. Tana zaune a duhu ɗanta na magana da tanki, ta ji — me ta ji? Duka? Ba ta matso ba. Ba ta kuma tafi ba.

Ita ta gani. Ita kaɗai ta ga ta gabas, da idonta biyu, ba ta ma san ana faɗin tsawo da launi ba, ba wanda ya taɓa gaya mata. In yana son ya sani sai ya tambaya. In ya tambaya ta san ya san tana nan, daga nan kuma sai ɗaya maganar... Bakinsa ya buɗe. Tambaya biyu sun taho masa tare, kowace na danne 'yar'uwarta — doguwa ce, Umma? kin ji ni, Umma? — ba shi da ƙarfin ɗaga ko ɗaya, ba shi da ƙarfin juyawa, na ƙin juyawar ma ya ƙare. Ya ji zaninta ya motsa a kan siminti. Tashi za ta yi, ko gyara zama ne, bai sani ba, bai...